Goggo, Lambunta da Abokan Rawarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Asabar da hantsi, a cikin lambunta na bakin kogin Ziyo, can bayan Zangon Lome. Kafin azahar an yi mata sutura, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne yadda na ga mutane sun fara sake ta tun ƙasar kabarinta da danshi. Wasu na neman mayar da ita waliyyiya, wasu kuma sai sun rage murya kafin su ambace ta. Ni na zauna da ita, na ci tuwonta, na sha faɗanta. Zan faɗi abin da na gani, wanda ban gane ba in bar wa Allah.

A gidan Baba aka yi zaman makoki, domin ita ba ta bar miji ko ɗa ba. Tsofaffin unguwa suka cika tsakar gida. Wata ta ce, "Allah ya jiƙan mai hannun albarka. Ko tsinken sakace ta soka a ƙasa sai ya yi toho." Aka amsa da amin. Wata daga bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Allah kuma ya yafe mata abin da take yi a lambun nan." Wannan amin ɗin a ciki-ciki aka yi shi.

Matan kasuwar Amutibe, 'yan ƙabilar Ebe ne, waɗanda suka daɗe suna sarin kayan lambunta, suka zo a jere da kwanonin lemo a ka. Tun daga bakin titi suka ɗora kuka irin nasu, sai da matan Zango suka tare su suna cewa a yi haƙuri, mu ba ma yi wa mamaci ihu. Babbarsu ta dire kwanonta, ta share fuska da gefen zane, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Maman lambu ya tafi. Ni ba ya taɓa sa mini ruɓaɓɓe a ƙasan kwando." Ƙanena da ke zaune a unguwar Jijole ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce da Faransanci, "Shi ke nan, mai rawa ta sauka daga fage." Na harare shi ya kama bakinsa.

Ita kuwa tsohuwar da ta yi mata wanka, janye ni ta yi bayan ɗaki.

"'Yar nan, na wanke gawa ba iyaka a Zangon nan," in ji ta. "Dunduniyar goggonki laushi kamar ta jinjiri, amma ƙarƙashin yatsun ƙafar ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi. A kan me matar nan take tafiya? Sannan hannunta na dama. Sau nawa ina kwantar da shi, in na juya sai in tarar ya ɗan ɗago, tafin a buɗe, kamar mai jiran a kama. Sai da na ɗaure shi da ƙyalle."

Na ce mata gawa takan yi haka. Baba kuwa yana waje a kan tabarma cikin maza, carbi a hannunsa, amma ƙwayoyin ba sa motsi.

Goggo doguwa ce, siririya, ba ta da yawan dariya. Tun tana ƙarama aka kai ta Gana, a can ta yi aure. Mijinta mai lambu ne a gidan wani Bature masanin noma, a kan wani tudu mai sanyi inda ake gwajin itatuwan marmari. Ita kuma tana yi wa matar gidan wanki da guga. Takan gyara wa mutum zance in ya ce Ingilishi ne. "'Yan Sikotilan ne," in ji ta. "Ka kira su Ingilishi ka ga yadda kunnensu zai yi ja." A can ta koyi aurar da itace, wato a yanko reshen mangwaro mai daɗi a haɗa shi da gindin na gargajiya mai ƙarfin saiwa, a ɗaure har su kama juna. Da wannan sana'ar ta dawo Lome, da ita ta ci abinci har ta mutu. Lokacin da aka tashi tsohon Zango aka kawo mu nan, kowa na neman filin gini kusa da masallaci, ita sai ta nemi fadamar da kowa ya ƙi saboda ambaliya.

Lambun yana da lemo, gwaiba, fiya, gwanda da kashu, duk an dasa su yadda ƙasa ta ba da dama. Amma a tsakiya akwai mangwarori takwas, huɗu suna fuskantar huɗu, da fili share fes a tsakaninsu kamar tsakar gidan amarya. Ba ta sayar da 'ya'yan waɗannan. Rabawa take yi, ga masu ciki da marasa lafiya da duk wanda aka yi wa mutuwa.

Tana da ka'idodinta. Ba a shiga lambunta ba sallama, ko da an san babu kowa a ciki. Ba a jifan mangwaro. "Wanda ya ba ka inuwa ba ka neman abinsa da dutse," haka take cewa. In ta ga kauci ya fito a reshe, ba ta jira gari ya waye sau biyu, takan ce kauci kamar tsegumi ne, yana ƙarami ake cire shi. Kuma mai fushi ba ya taɓa wuƙar aurenta. In ka zo da ɓacin rai sai ta miƙa maka bokiti, ka yi ta ɗibar ruwa daga rijiya har ka huce.

Na san wannan bokitin sosai. Shekarar da ɗana ya zo babu rai, aurena kuma ya bi bayansa, na bar aikina na farmasi na koma gida na kulle kaina a ɗaki. Kowa ya zo da nasihar da ya iya. Goggo ba ta yi mini nasiha ba. Da zemijan ta zo, wato ɗan acaɓa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗiyata, tashi. Ina da gwaiba tana zuba, ba mai tsincewa." Haka na koma ɗakinta na bakin lambu. Wata da watanni ba ta ambaci yaron ba. Aiki kawai take ba ni: zuba toka a gindin lemo saboda gara, datse busassun rassa, naɗe aure da leda. Ranar da reshen farko da na aura da hannuna ya fitar da jan toho, na durƙusa a gabansa na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Ta bar ni sai da na gama, sannan ta ce, "Ki sassauta ɗaurin, kar ledar ta shaƙe shi."

A wannan zaman ne na ga rawar.

Duk Asabar da hantsi takan aike ni kai lemo bakin titi. Wata Asabar na manta gammo, na juyo. Tun daga shinge na ji tana wani amo da hanci, mai sauri, mai tsalle-tsalle, ba irin waƙarmu ba, ba kuma irin ta Ebe ba. Na leƙa. Tana tsaye a gaban mangwaron farko, zanenta a ɗaure tamau, ƙafarta cikin wasu baƙaƙen takalma marasa dunduniya. Ta ɗan rusuna wa bishiyar da ke fuskantarta. Sai ta ɗage a kan yatsu, ta miƙa hannun dama, ta zagaya, ta saki, ta miƙa na hagu. Ta gangara tsakiyar filin da wani ɗan sassarfa, hannunta a gefe kamar an riƙe shi, ta dawo. Sannan ta shiga ratsa layin tana kaucewa dama da hagu, kamar mai yin tufka da jikinta.

Tsohuwa tana rawa ita kaɗai abin dariya ne, kuma na kusa yin dariyar. Abin da ya hana ni shi ne juyin. In ta miƙa hannu za ta zagaya, sai ta kwanta da baya, ta saki nauyinta duka, yadda mutum ba zai iya ba sai in wani na riƙe da shi. Na zuba ido in ga ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Kuma jemagun da ke kwana a saman fiya, waɗanda ko tari ka yi sai sun motsa, sun yi tsit.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Tunda kin dawo, shigo. Tsaya a gurbina, gwiwata ta gaji."

Na shiga. Ta tsayar da ni, ta koma gefe tana tafi tana amon nan. "Miƙa dama. Kar ki kalli ƙasa, ana kallon fuskar abokin rawa. Zagaya." Na miƙa hannu a iska, na fara zagayawa ina jin kunya. A tsakiyar juyin na ji an kama yatsuna. Ba matsewa aka yi ba. Riƙo ne na ladabi, busasshe, mai kaushi irin na mai aikin ƙasa, aka juya ni a hankali aka sake ni daidai inda na taso.

Na ƙwala salati na zauna daɓas. Goggo ta zo ta tsaya a kaina.

"Mijina ne," ta ce. "Ba ya matse hannun mace."

A ranar ba mu kai lemo ba. Muka zauna a inuwa ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba kowa a gidanmu ba. Ta ce rawar ƙasarsu matar Baturen ce, kuma ba ta yiwuwa sai da mutum takwas, maza a layi, mata a layi. A kan tudun nan babu wasu 'yan ƙasarsu, kewa ta ishi matar har ta fara rama. Sai ta tara ma'aikatan gidan: Goggo da mijinta, kuku da matarsa, direba da ƙanwarsa. Duk Asabar a kunna garmaho a baranda, goge irin nasu na tashi, maigidan ya fito da zanensa mai ratsi-ratsi iya gwiwa, su kuku na ƙunshe dariya. "Da farko don kar a kore mu muke yi," in ji Goggo. "Daga baya mu ke tuna mata in ta manta." Ta ce abin da ta so a rawar shi ne babu wanda ke zama a gaba. In kun gama naku sai ku koma ƙarshen layi, kuku ya hau gurbin maigida.

Sai Turawan suka koma ƙasarsu. Ba a daɗe ba aka ce baƙi marasa takarda su bar Gana. Su shidan suka hau babbar mota ɗaya da kayansu. A wata gangara kafin iyaka birki ya tsinke.

"Na farka a cikin ciyawa," ta ce. "Buhun da mijina ya jiƙa ya naɗe rassan mangwaro a ciki yana ƙirjina. Su biyar ɗin an jera su a bakin hanya an rufe da ganye. A can aka binne su, ban san wurin ba. Da ƙafa na shigo Lome ta Kojobiyakofe, bakin iyaka."

Na tambaye ta yaushe suka fara zuwa. Ta ce sai da bishiyoyin suka yi inuwa. Da fari su biyar ne, gurbi biyu babu kowa, sai ta riƙa tsallakewa. "Sai wata Asabar na miƙa hannu a gurbin maigida na ji an karɓa. Na ce, ashe ya rasu. Ita uwargidan ta daɗe a duniya. Shekarar da Ziyo ya cika har ya shigo lambun nan ta zo. Da hannunta na gane ta, zobenta yana nan."

"Goggo, ba kya tsoro?"

"Tsoron me? Mutanen da muka ci abinci kwano ɗaya?"

Zance ba ya ɓuya a Zango. Masu yankan ciyawa sun hango ta, aka ce goggon gidan Alhaji tana bori a bakin kogi. Liman da kansa ya zo, ina nan. Ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Hajiya, kina yi musu yanka?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Kina roƙonsu wani abu?"

"Me suke da shi da za su ba ni?"

"To me ya sa?"

"Malam, haramun ne mutum ya tuna matattunsa da ƙafa?"

Liman ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan mas'alar ba, amma addu'a da baki ta fi musu amfani, kuma Shaiɗan yana iya aron hannun kowa. Ta ce tana yin addu'ar kullum, kuma da bismilla take shiga filin. Ya ce ta ƙara da ayatul kursiyyu. Ya karɓi gwaibar da ta miƙa masa ya tafi. Shi ne ya sallaci gawarta, kuma ban ga ya yi jinkiri ba.

Baba ne bai haƙura ba. Yana cikin dattawan masallaci, maganar tana ƙona shi. Wata Asabar wajen azahar ya zo da 'yan ƙwadago biyu da gatura.

"Yaya, kin zubar mana da mutunci. Yau za a sare su."

Goggo tana zaune a kan turmi tana feƙe wuƙa. Ba ta tashi ba. "Auta, ni na goya ka. In sarewa za ka yi, karɓi gatarin da hannunka. Kar ka sa bare."

Ya ce wa mutanen su fara. Babban cikinsu ya nufi layin, sai ya tsaya a bakin filin yana kallon ƙasa. Da idona na ga Goggo ta share wurin da safe. Yanzu ya cika da sawu, manya da ƙanana, duk gaban ƙafa, babu dunduniya ko ɗaya, sun zagaya sun ratsa juna. Mutumin ya bi gefen filin a hankali har ya kewaye shi, ya dawo ya ajiye gatarin a gaban Baba.

"Alhaji, mutanen da suka taka nan ba su fita ba. Babu sawun fita."

Suka tafi ko sallama babu. Baba ya ce, "Ke kika yi su. Takalma kika tara kika buga a ƙasa."

"To, ni na yi," in ji Goggo, ta ci gaba da feƙe wuƙarta.

Daga ranar bai sake taka lambun ba, ita ma ba ta sake shiga gidansa ba sai gaisuwar salla, a tsaye. In an yi zancensa a gabanta ba ta ƙara kome, sai dai ta ce, "Auta yana da gaskiyarsa. Shi bai ga abin da na gani a hanyar Gana ba."

A shekarunta na ƙarshe gwiwa ta hana ta rawa. Ni na koma aikina, na sake aure, amma duk Asabar ina zuwa in ɗora mata kujera a bakin filin. Takan zauna tana amon nan, kanta na bin wani abu daga wannan bishiya zuwa waccan. Wani lokaci ta yi tsaki ta ce, "Kuku har yanzu hagu yake bi." Ban sake shiga filin ba, ita ma ba ta sake cewa in shiga ba.

Ranar da za ta rasu ta ce in ɗauko mata baƙaƙen takalman. Na ce, "Goggo, ƙafarki ta kumbura." Ta ce, "Sa mini dai. Sun daɗe suna tsallake gurbina." Na sa mata, na tafi rijiya ɗebo ruwan alwalarta. Da na dawo kujerar babu kowa. Tana can ƙarshen layi, wurin da ko da sanda ba ta iya kaiwa, a kwance a gefenta na dama, fuskarta a sake. Na kira ta, na yi mata kalmar shahada a kunne, amma ta riga ta tafi.

Bayan sadakar arba'in dangi suka fara maganar yanka lambun a yi filaye. Da Asabar ta zagayo sai Baba ya aiko a kira ni, ya ce in raka shi. Ya yi sallama a bakin shinge, da ƙarfi, kamar mai shiga gidan surukai. Mangwarorin sun yi huda, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Ya tsaya yana dubansu.

"Ina yaro ta dawo daga Gana," ya ce. "Ƙafafunta duk jini, da wani buhu a rungume. Innarmu ta ce kar wanda ya tambaye ta kome. Muka yi biyayya. Har ta mutu muna biyayya."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ga ita, ga mijinta, ga waɗanda aka binne a bakin hanya. Da ya zo kan Turawan sai ya ce, "Su kuma, ya Allah, kai ka san bayinka." Muka shafa. Ya ce in gaya wa dangi ba za a yanka ko taku ɗaya ba muddin yana numfashi.

Za mu fita, maimakon ya kewaya sai ya bi ta tsakiyar filin. Ina biye da shi daga gefe. Ya kai rabi sai ya tsaya cak. Babu iska, ganye ko ɗaya bai motsa ba. Na ga ya tattare babbar rigarsa, ya matsa gefe har kafaɗarsa ta taɓa bishiya, ya sunkuyar da kai yadda yaro ke yi in manya za su wuce. Ya daɗe a haka. Sannan na ji ya ce, a hankali, "Sannu, Yaya."

Muka koma gida.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya sa itacen da ta dasa su zame mata sadaka mai gudana duk ranar da wani ya ci ko ya sha inuwa. Abin da ta yi daidai Allah ya karɓa, wanda ta kuskure ya yafe. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.